4.3 Abin da Ke Sosa Zuciya a Fim Ɗin Tonari no Totoro

Bayan an kawo zubi da tsarin fim ɗin a kashi na 4.2, a nan za a dubi abin da ya sa yake kama zuciyar mai kallo. Kamar yadda aka ambata, Hayao Miyazaki ne ya tsara shi, kamfanin Studio Ghibli na ƙasar Japan kuma ya fitar da shi a shekarar 1988. Ma'anar sunan ita ce maƙwabcinmu Totoro. Sau da yawa akan ɗauki fim ɗin zane a matsayin wasan yara kawai. Wannan nazari bai yarda da haka ba. Hujjar kuwa ita ce, ƙarfin fim ɗin bai ta'allaƙa ga abubuwan al'ajabi ba, ya ta'allaƙa ne ga tsoron da ke zuciyar kowane yaro, wato tsoron rasa uwa.

Da farko dai, labarin ba shi da mugu. Satsuki da ƙanwarta Mei, 'yar shekara 4, sun ƙaura da mahaifinsu zuwa wani ƙauye domin su kusanci asibitin da mahaifiyarsu take jinya. Abokin gabarsu ɗaya ne, wato ciwon uwar, kuma ba a ma faɗi sunan ciwon ba. Wannan rashin sani shi ke riƙe mai kallo, domin abin da yaran suka sani, shi kaɗai mai kallo ya sani.

Na biyu shi ne lokutan da Totoro ke bayyana. Ba ya zuwa sai lokacin da babu babba a kusa. Misali, da dare a tashar mota ana ruwan sama, uban bai dawo ba, Satsuki na goye da Mei, sai ga shi ya tsaya a gefensu. Ta ba shi lema, shi kuma ya ba su ƙunshin iri. Bai yi musu magana ba, bai kuma warkar da uwar ba. Abin da ya yi kawai shi ne ɗebe musu kewa.

A nan ne ya kamata a kwatanta fim ɗin da adabin bakan Hausa. Bahaushe ya daɗe da imanin cewa iskoki na zama a manyan itatuwa irin su tsamiya da kuka, kamar yadda Totoro ke zaune a cikin wani ƙaton itacen kafur. To amma a tatsuniya, Dodo abin tsoro ne, yakan haɗiye yaron da ya ƙi jin magana. Miyazaki ya ɗauki ƙirar dodo, wato girman jiki da faɗin baki da ruri, ya cire mugunta. Sai mai kallo ya shiga da fargaba, ya fita da natsuwa.

Na uku shi ne masara. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta ce kayan gonarta za su ƙara wa uwar lafiya. Da saƙon tangaraho ya zo daga asibiti, aka ɗage dawowar uwar gida, sai Mei ta rungumi masara guda ta kama hanyar asibiti ita kaɗai, ta ɓace. Aka tsinci takalmin yarinya a kududdufi, mutanen ƙauye suka bar aikin gona suka shiga lalube, kafin Satsuki ta tabbatar ba na Mei ba ne. Wannan fage ba ya buƙatar fassara ga mutumin Dayi ta Ƙaramar Hukumar Malumfashi, inda ake noman masara da dawa da auduga, ake kai wa majinyaci abin da gona ta bayar, kuma ɓatan yaro ɗaya ke tayar da unguwa baki ɗaya.

Duk da haka, fim ɗin yana da rauni. Tafiyarsa a hankali take, musamman a farkonsa, ta yadda wanda ya saba da finafinan Indiya masu waƙa da faɗa zai iya ƙosawa. Haka kuma, yadda motar nan mai siffar kyanwa ta gano Mei nan take ya sauƙaƙa warwarar matsalar fiye da kima. Sai dai mai fim ɗin ya rage wannan rauni da ƙarshen da ya zaɓa: yaran ba su shiga ɗakin jinya ba, daga kan itace suka hango uwarsu tana dariya, suka ajiye masarar a taga suka koma.

A taƙaice, abin da ke sosa zuciya a nan shi ne ɗaukar damuwar yaro da muhimmanci. Darasin da ke ciki ga masu son mayar da tatsuniyoyin Hausa fim ɗin zane shi ne, Gizo da Dodo kaɗai ba su isa ba, sai an gina labarin a kan abin da yaro ke tsoro da gaske. Kashi na gaba zai dubi rawar da kiɗan Joe Hisaishi ya taka wajen isar da wannan jigo.