3.4 Siffantawa a Matsayin Ginshiƙin Jigo

Masana adabin Hausa, irin su Abdulƙadir Ɗangambo, sun bambanta siffantawa da kamantawa. A kamantawa ana amfani da kalmomi irin su "kamar" ko "tamkar", amma a siffantawa kai tsaye ake cewa abu kaza shi ne abu kaza. A wannan sashe za a duba yadda wannan adon harshe yake ɗaukar jigon labari gaba ɗaya, ta yin la'akari da littattafai biyu.

Na farko shi ne Kitsen Rogo (1978) na Ɗangambo, wanda ya yi magana a kan matasan da ke barin ƙauye su kwararo birni. Duk manomin karkarar Kano ya san cewa in an ɓare rogo za a gan shi fari tas sai ka ce kitse, alhali babu ko ɗigon maiƙo a cikinsa. Marubucin ya ɗora wannan siffa a kan birni, ya kuma bar abubuwan da suka faru da tauraron labarin su tabbatar da ita.

Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu. Kwikwiyo, duk inda aka yar da shi, ubangidansa yake bi. Alhaji Abdu ya wulaƙanta Rabi da 'ya'yanta saboda Delu, daga baya gobara ta cinye shagonsa, ya komo neman wadda ya kora. Ke nan zubin labarin kansa ya yi tafiyar kwikwiyo.

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da sharuɗɗa biyu. Dole ne abin da aka siffanta da shi ya kasance sananne a muhallin mai karatu. Dole ne kuma labarin ya gaskata siffar. Nan ne wasu littattafan soyayya na Kano suka yi rauni, inda aka mayar da budurwa fure ko tauraruwa a kowane shafi, ba tare da siffar ta taɓa halinta ko makomarta ba. Irin wannan siffantawa ko an cire ta, labarin ba ya rasa komai.