Jinjina ga Masu Rajistar Ɓarakar PostgreSQL

A harkar manhajar da kowa ke iya leƙa cikinta, yabo yakan tafi ga masu ƙirƙira, a manta da masu tsara takardun tsaro. Dubi ƙungiyar tsaro ta PostgreSQL, rumbun adana bayanai da kamfanoni da hukumomi ke dogaro da shi. Duk ɓarakar da aka gano suna ba ta layinta a jadawali: lambar shaidarta ta CVE, nau'o'in da ta shafa, wanda aka toshe ta a cikinsa, da makin hatsarinta. An kuma rubuta ƙarara cewa kowane babban nau'i shekara 5 ake kula da shi. Ma'aikacin da aka tasa da tsakar dare zai duba lambar nau'insa, nan take ya san ko zai koma barci.

Wasu na cewa jera ɓaraka a fili miƙa wa ɓarawo taswirar gida ne. Ban yarda ba. Bisa al'ada ba a bayyana ɓaraka sai gyaranta ya fito, ɓarawo kuwa ya iya karanta lambobin manhajar da kansa. Mai gida kaɗai ɓoyewa ke bari cikin duhu. A farkon 2017 an wawushe dubban rumbunan wata manhajar daban, MongoDB, aka nemi kuɗin fansa, saboda an bar su a intanet babu kalmar sirri. Shi ya sa nake girmama wanda ya zauna ya fayyace fayil ɗin pg_hba.conf na PostgreSQL, mai tsara wanda zai shiga rumbun, ya gargaɗi mai karatu cewa zaɓin trust yana barin duk wanda ya iso ƙofa ya shiga da sunan da ya ga dama.