Butulu ko Maci Amana: Yadda Kalma Ke Kashe Gardama

Ƴan uwa ɗalibai, ku ɗan tsaya ku jera sunayen jam'iyyun da ƙasar nan ta gani tun daga shekarun 1990. Nassara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Jama'a, Gaskiya, Lumana, Canji. Kafin su duka akwai Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar 1958. Harufan Faransancin da ke gaban sunan, MNSD ne ko CDS ko PNDS, ba mai kula su a kasuwar Dole. Kalmar Hausar ce ke shiga kunne, kuma kusan kowacce kalmar kirki ce. To wa zai tashi ya ce shi ba ya son rahama, ko yana gaba da gaskiya? Nan ne sukata take: ɗan siyasa kan riga kowa ɗaukar kyakkyawar kalma, sai ya bar wa abokin hamayyarsa kishiyarta.

Na fara ganin haka a tsakar gidanmu, ina yaro, lokacin Tazarce. A nan Damagaram aka fara ɗaga muryar, a watan Oktoba na 2008, sa'ad da Shugaba Tanja Mamadu ya zo aza harsashin matatar mai. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba shugaba wa'adi biyu kawai, na Tanja kuwa zai ƙare a ƙarshen 2009. Kalmar kanta ba baƙuwa ba ce, an ji ta a Najeriya zamanin Abaca. Kuma ku lura da laushinta: ba ta ce a karya doka ba, cewa ta yi a zarce, kamar mota ta wuce tasha.

Kawuna ɗan Tazarce ne na gani-kashe-ni. Kullum hujjarsa ɗaya: tun da Turawa suka ɗauke babban birni suka kai Yamai a 1926 aka manta da mu, ko ruwan sha sai mun yi layi, yau ga wanda ya kawo mana matata, sai a ce ya tafi? Kalmarsa ita ce butulci. Babana kuwa mutumin Rahama ne, na Mahaman Usman, wanda shi ne shugaban majalisar dokokin da Tanja ya rusa a watan Mayu na 2009. Shi kuma cewa yake: “Yaya, mutumin nan ya dafa Alƙur'ani ya yi rantsuwa zai kiyaye kundin nan.” Kalmarsa ita ce amana. Wata da watanni mutanen nan biyu ba su sa hannu a kwano ɗaya ba.

Yanzu da na girma na gane ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Godiya ga wanda ya yi maka alheri tarbiyyarmu ce. Cika alkawari ma tarbiyyarmu ce. Saɓaninsu na gaske shi ne wanne za a gabatar in biyun suka yi karo. Amma ba su taɓa zama kan wannan ba, don kalmomin sun tashi daga kan batu sun koma kan mutum. Da zarar ka ce da ɗan uwanka butulu, ya ce da kai maci amana, magana ta ƙare, saura kare mutunci.

Ga tambayoyin da kalmomin nan suka binne. Kawu bai taɓa tambaya ba: in Tanja ya sauka, aikin matatar tsayawa zai yi? Lokaci ya ba da amsa. An yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta 2009, aka ƙara masa shekara uku, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010, matatar kuma ta fara aiki a Nuwamba 2011, ganga 20,000 a rana, ba ya kan kujera. Baba ma bai tsira ba. Ranar juyin mulkin har shayi ya sa aka dafa don murna. Ni kuwa har yau ina tambayar kaina: in kundin amana ne, a wane shafinsa aka rubuta soja ya zo ya gyara? Ashe amanar tana da nauyi ne in a wuyan wani take.

Wasu abokaina a fada sun ce maganin abin shi ne mu watsar da irin waɗannan kalmomi, mu riƙa magana da alƙaluma kawai. Ban yarda ba. Talakan da ba ya karanta kasafin kuɗi da me zai yi ƙara in ka ƙwace masa kalmar zalunci da kalmar haƙƙi? Alƙaluma suna faɗa maka nawa aka kashe, amma ba sa faɗa maka ko ya dace. Kalmomin namu ne, kakanninmu sun yi shari'a da su a ƙofar Sarki tun kafin a san wata jam'iyya. Abin da nake nema shi ne kada mu karɓe su kyauta. Wanda ya ce adalci, a tambaye shi: ga wa, kuma wa zai biya? Wanda ya ce amana, a tambaye shi: in naka ne ya ci, haka za ka kira ta?

Kada mu ɗauka ciwon na dattawa ne kaɗai. A taronmu na bara kan yajin karatu, wata ɗaliba ta miƙe ta ce a duba ko lokacin komawa aji ya yi, tunda shekara na neman lalacewa. Kafin ta rufe baki aka yi mata ihun “an saye ta”. Ina wurin, ban ce uffan ba, kuma har yau abin na cina. Ba wanda ya amsa lissafinta na makonnin da suka rage. Ba ta sake magana a taro ba.

Don haka ga roƙona ga wannan ƙungiya tamu. A muhawarar da za mu yi gaba, duk wanda zai soki ra'ayin wani ya fara faɗin kyakkyawan abin da wancan yake karewa, a bakinsa, har mai ra'ayin ya ce “haka nake nufi”. Bayan nan a yi gardama iya son rai. Allah Ya sa mu dace.