“Buhari (2002)”: Sharhi kan Yadda Muke Ambaton Madogara a Nazarin Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a cikin wani kundin digiri na biyu da aka ba ni dubawa, na iske ɗalibi ya kawo hadisi a kan niyya, ya rufe shi da “Buhari (2002)”, ya wuce abinsa. Imam Buhari ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, daidai da 870 Miladiyya. Shekarar da ke cikin baka ta maɗaba’ar da ta buga kwafin da ke hannun ɗalibin ce. Babu sunan kitabi, babu babi, babu lambar hadisi, ba a kuma faɗi sahabin da ya ruwaito ba. Da na tambaye shi sai ya ce haka takardar ƙa’idojin rubutu ta tsangaya ta tanada. Na duba, na ga kusan gaskiya ya faɗa. Saboda haka da wannan takarda da ire-irenta nake magana, da mu malamai da muka karɓe su ba tare da mun auna su da fanninmu ba.

Tsarin APA, wanda shi ne ya mamaye kundayen jami’o’inmu, ya samo asali ne a Amurka a 1929, daga wata taƙaitacciyar maƙala da masana halayyar ɗan Adam da abokan aikinsu suka fitar don daidaita rubutun mujallunsu. A irin fanninsu shekarar bugu tana da nauyi, domin gwajin bana yana iya rushe na bara, kuma mai karatu yana son ya san wanne ne ya fi sabunta. A fanninmu kuwa abin da mai karatu yake son sani shi ne wa ya faɗa, a wane ƙarni ya rayu, wa ya riga wani. Idan aka rubuta “Ibn Hajar (1959)” da “Buhari (2002)” a shafi ɗaya, ɗalibin da bai yi nisa ba zai iya ɗauka mai sharhi ya riga mai matani zuwa duniya. Adalci dai shi ne a faɗi cewa littafin jagora na APA ya tanadi hanyar nuna asalin lokacin tsohon littafi, ya kuma yarda a yi amfani da lambobin da aka san nassosin addini da su maimakon lambar shafi. Amma taƙaitattun takardun da ake raba wa ɗalibanmu sau da yawa ba su kai nan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mun manta cewa muna da namu gado a wannan babi, kuma ya fi wanda muka aro tsanani. Muƙaddimar Sahihu Muslim cike take da maganganun magabata a kan matsayin isnadi. Imam Ƙurɗubi, a farkon tafsirinsa, ya gindaya wa kansa sharaɗin jingina kowace magana ga mai ita da kowane hadisi ga wanda ya fitar da shi. Hafiz Mizzi, wanda ya rasu a 742, ya tsara Tuhfatul Ashraf don mai nema ya gano inda hadisi yake a cikin littattafai shida da abin da ke biye da su. A nan ƙasarmu, duk wanda ya karanta Ihya’us Sunna na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zai ga yadda yake ambaton littafin da ya ciro magana daga cikinsa, musamman Madkhal na Ibnul Hajj, sannan ya sa alamar ƙarewar naƙali don kada a cuɗa maganarsa da ta wani. Ƙanensa Malam Abdullahi ya keɓe littafi guda, Ida’un Nusukh, don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ba su da maɗaba’a, ba su da lambar shafi, amma mai bin sawunsu ba ya ɓata.

Lambar hadisi ita kaɗai ma ba ta wadatarwa, kuma nan ne masu ganin sun gyara suke sake faɗawa rami. Lissafin Muhammad Fu’ad Abdulbaƙi, wanda aka buga tare da Fathul Bari, ya kai hadisan Sahihul Buhari 7563, alhali bugun Mustafa al-Buga yana da nasa lissafin daban. Wanda ya rubuta lamba bai faɗi ta wa ce ba ya bar mai karatu da laluben duhu. Kitabi da babi su ne ba sa sauyawa sosai tsakanin bugu da bugu, shi ya sa tsofaffin masu takhriji suke farawa da su. Haka Muwaɗɗa. Ruwayar Yahya al-Laisi, wadda ita muka gada a zaurukanmu, ta bambanta da ta Muhammad ash-Shaibani a tsari da yawan hadisai da ƙare-ƙaren da Shaibani ya sa na ra’ayin mutanen Kufa. Cewa “Malik ya kawo a Muwaɗɗa” ba tare da ambaton ruwaya ba rabin bayani ne. Kai har Alƙur’ani mai girma yana buƙatar kula ta wannan fuska: Suratul Baƙara aya 286 ce a lissafin mutanen Kufa da ke cikin mus’hafin Hafs, 285 ce a lissafin mutanen Madina da ake bi a mus’hafin Warsh, wanda da shi kakanninmu suka yi hadda a allo.

Wata ɓarnar ta fi wannan muni, domin ta shafi jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba. Littattafan fiƙihunmu hawa-hawa suke. A shafi ɗaya na bugun Hashiyar Dasuƙi akwai lafazin Khalil a cikin baka, ga sharhin Dardir, ga kuma hashiyar Dasuƙi kansa. Tsakanin Khalil da Dasuƙi akwai sama da shekara ɗari huɗu. Tsarin suna da shekara yana neman marubuci ɗaya ga littafi ɗaya, sai ɗalibi ya ɗauki sunan da ya gani a bango ya ɗora masa duk abin da ke ciki. Na sha ganin an ce “Khalil ya ce” a kan tarjihin da na masu sharhi ne. Tafsirul Jalalaini ma haka: Mahalli ne ya fassara daga Kahfi zuwa Nasi da kuma Fatiha, Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra’i. Wanda ya ciro tafsirin Yasin ya jingina wa Suyuɗi ya yi kuskure, ko da waƙafinsa da ɗigonsa sun cika yadda ofishin karatun gaba da digiri yake so. Haka wanda ya ce “Buhari ya ruwaito” a kan abin da ke cikin Adabul Mufrad, ko a kan mu’allaƙ da aka kawo a kan babi ba tare da cikakken isnadi ba, ya ba maganar darajar da ba ta da ita. Da mu’allaƙai ba su da hukunci na daban, da Ibn Hajar bai ɓata lokaci ya rubuta Taglikut Ta’aliƙ ba.

Sai batun Maktaba Shamila. Ni ma ina amfani da ita, kuma ba na raina alherinta ga ɗalibin da garinsu babu ɗakin karatu. Amma wasu littattafan cikinta lambobin shafinsu sun dace da bugun takarda, wasu kuwa manhajar ce ta sa musu lamba da kanta, kuma tana faɗin haka a katin littafin ga mai son dubawa. Wanda ya kwafo nassi daga kwamfuta, ya rubuta sunan maɗaba’ar Bairut kamar littafin ya shiga hannunsa, ya yi abin da malaman hadisi za su kira tadlisi. Ɗan’uwansa shi ne mai ciro maganar Ɗabari daga wani kundi na zamani ya share sunan kundin. Lafazin “naƙalan an” bai taɓa rage darajar mai bincike ba.

Game da rubuce-rubucen hannu na ƙasarmu kuwa, mafi yawan takardun ƙa’idojin sun yi shiru. Kwafin littafi ɗaya da ke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna yana iya saɓa wa na cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato ko na Jami’ar Ibadan, a lafazi ko a cika. Dole a faɗi wurin ajiya da lambar kwafi da waraƙa, da sunan makwafi idan akwai. Juzu’i na biyu na aikin John Hunwick kan adabin Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995, ya lissafa inda kwafe-kwafen malaman wannan yanki suke, amma ba kasafai nake ganin alamar an leƙa shi ba. Sunaye ma sun sha wahala: Shehu yakan fito a manazarta ɗaya sau biyu, nan ƙarƙashin “Fodiyo”, can ƙarƙashin “Usman”, kamar mutum biyu ne.

Ra’ayina shi ne tushen bayani a gindin shafi ya fi dacewa da fanninmu, domin yana ɗaukar takhriji da hukuncin hadisi da shekarar rasuwar marubuci ba tare da ya karya jimla ba. Na san hujjar masu cewa jami’a tana buƙatar tsari ɗaya ga dukan tsangayoyi, kuma mujallun waje suna da nasu sharuɗɗa. Amma malaman shari’a sun daɗe da samun nasu tsari na ambaton hukunce-hukuncen kotu, babu wanda ya ce sun fita daga sahu. Idan majalisar tsangaya ba za ta yarda da wannan ba, mafi ƙarancin abin da za a nema shi ne a ƙara shafi biyu a takardar ƙa’idoji: ɗaya kan hadisi da tafsiri da littattafai masu sharhi da hashiya, ɗaya kan rubutun hannu, a kuma wajabta rubuta shekarar rasuwar marubuci kusa da sunansa a ambato na farko.