Sharhi a kan Gardamar Man Iri da Man da A Ke Samu Daga Ƙananan Halittu

A 'yan shekarun nan wata gardama ta tashi a Amurka game da man girki, har ɓurɓushinta ya fara isowa kunnen Hausawa ta hanyar wayoyin hannu. Manufar wannan takarda ita ce a auna hujjojin da a ke kafawa, domin malaman da za su fassara zancen ga ɗalibai su san inda ya ke da ƙarfi da inda ya ke da rauni.

Asalin Zancen

Masu sukar man iri, watau man da a ke tatsa daga 'ya'yan shuke-shuke, sun ware guda takwas su ka ɗora musu laifi: man waken soya, da na masara, da na angurya, da na kanola, da na sanfulawa, da na safulawa, da na ƙwallon inabi, da na dusar shinkafa. Likita Catherine Shanahan ce ta yayata wannan jeri, kuma littafinta Dark Calories na 2024 a kansa ya tsaya. Zancen ya daɗa ƙarfi sa'ad da Robert F. Kennedy Ƙarami, wanda ya ke fifita kitsen shanu, ya zama sakataren lafiya na Amurka a 2025. Laifin da a ke gani shi ne yawan wani sinadari da a ke kira linoliyik, wanda su ka ce yana lalacewa da zafi, yana kuma jawo kumburi a cikin jiki.

A cikin wannan hayaniya ne kamfanin Zero Acre Farms na Kalifoniya ya fito da wani mai a 2022, da sunan Cultured Oil. Ba shi ne na fari ba. Kamfanin Solazyme, wanda ya koma TerraVia, ya sayar da man Thrive tun 2015 daga wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, sa'an nan ya karye a 2017.

Batun Suna

Masu tallar man suna kwatanta aikinsa da yadda a ke yin kindirmo ko burodi. Kwatancin bai cika ba. A wajen daddawa, ƙananan halittu su kan yi aiki a kan kalwa, amma kalwar ce a ke ci. A nan kuwa halittun ne da kansu a ke zubawa cikin manyan tankunan ƙarfe, a ciyar da su da sukarin rake, har su tara mai a jikinsu, sa'an nan a matse su a tace. Wannan ya fi kama da kiwon turke, inda a ke ɗaure rago a yi ta ba shi dusa don ya yi kitse. Sabo da haka wanda ya fassara shi da "man tsimi" ya ɓatar da mai sauraro. "Man kiwon ƙananan halittu" ya fi kusa da gaskiya, ko da ya ke ya fi tsawo.

Sunan "man iri" ma yana da nasa aibin. Man kanola, wanda ya ke cikin takwas ɗin, linoliyik ɗinsa bai wuce kimanin kashi 20 cikin 100 ba. Man gyaɗa yana da wajen kashi 30, man riɗi ya haura kashi 40, amma ba a sa su cikin jerin ba. In dai linoliyik ne mai laifi, to, man da matan ƙasar Hausa su ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli ya fi kanola laifi. In kuwa injin masana'anta ne mai laifi, sabon man ma daga masana'anta ya ke fitowa. Masu sukar su kan yi tsalle daga wannan hujja zuwa waccan, ba su tsaya kan ɗaya ba.

Auna Hujjoji

Hujja ta farko ta tarihi ce. Gaskiya ne cin man waken soya a Amurka ya ninku fiye da sau 1,000 tsakanin 1909 da 1999, kuma ƙiba da ciwon sukari sun yawaita. Amma a cikin wannan ƙarni ɗin ne shan zaƙi da hawan mota da zaman ofis su ka yawaita. Daɗin daɗawa, yawan masu mutuwa da ciwon zuciya a Amurka, gwargwadon yawan jama'a, ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen shekarun 1960, daga nan ya sauko da fiye da rabi, alhali cin man iri yana ta hauhawa. Tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma bai kamata a rena ta ba. Christopher Ramsden da abokan aikinsa sun tono tsofaffin takardun gwaji biyu. Na farko an yi shi a Sidni ta Ostireliya daga 1966 zuwa 1973 a kan maza 458 masu ciwon zuciya. Da a ka sake lissafi a 2013 sai a ka ga waɗanda a ka ba man safulawa sun fi mutuwa. Na biyu an yi shi a Minesota daga 1968 zuwa 1973 a kan mutum fiye da 9,000. Lissafin 2016 ya nuna man masara ya rage kolestarol a jini, amma bai rage mutuwa ba. Sai dai gwajin Sidni ƙarami ne, kuma an haɗa da majarin, wanda a zamanin galibi yana ɗauke da kitsen tirans mai cutarwa. A Minesota kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai su ka kai shekara guda a kan abincin.

A ɗaya ɓangaren, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta tara gwaje-gwaje a 2017, ta ce musanya daskararren kitse da man iri ya rage cututtukan zuciya da kimanin kashi 30 cikin 100. A 2019 kuma an haɗa bincike 30 daga ƙasashe 13, inda a ka auna linoliyik a jikin mutane, a ka tarar masu yawansa sun fi tsira daga waɗannan cututtuka. Tun 1930 ma George da Mildred Burr su ka nuna cewa jiki ba ya iya ƙera linoliyik, tilas sai daga abinci. Aibin rubuce-rubucen masu suka shi ne su kan baje gwaji biyun can a fili, su taƙaita waɗannan.

Inda Su Ka Yi Daidai

Mai mai yawan linoliyik ya fi saurin lalacewa in an yi ta maimaita tuya da shi. Sabon man kuwa, bisa ga faɗar masu yinsa, fiye da kashi 90 cikin 100 nasa oliyik ne, irin sinadarin da ya rinjaya a man zaitun, don haka ya fi jure wuta. Wannan fa'ida ce ta gaske. Amma shaidar lafiyar da a ke jingina masa aro ce daga zaitun, wanda ya ke da wasu sinadarai nasa na dabam. Har ila yau akwai irin sanfulawa mai yawan oliyik da manoma su ke shukawa, wanda mansa ya ke jure wuta, shi kuwa man iri ne. Ga kuma tsada: a 2022 an sayar da kwalbar da ba ta cika rabin lita ba a kan kimanin dala 30. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Haɗarin da ya ke tattare da kwaso wannan gardama ɗungurungum shi ne a tsorata talaka da man gyaɗarsa, a kau da hankalinsa daga abin da a ka tabbatar. An tabbatar da cutarwar kitsen tirans, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a kawar da shi, Nijeriya kuma ta kafa doka a 2023 wadda ta ƙayyade shi ga giram 2 cikin ko wane giram 100 na mai. An san illar man da a ka yi ta soya ƙosai ko kifi da shi har ya yi baƙi. An kuma san dafin afalatoksin da ya ke fitowa a gyaɗar da ta yi fumfuna, tun 1960 da ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila. Man da a ka matse a gida ba a tace ba yana iya ɗauko shi. Malamin da ya koya wa ɗalibansa shanya gyaɗa da kyau, da tsince ruɓaɓɓiya, da zubar da man da ya ƙone, ya fi yi musu amfani bisa wanda ya haddace musu sunayen mai takwas.