Me ya sa kiɗan waƙoƙin bikinmu yake fita a sandare?

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi gida daga nan Ingila aka yi masa waƙar biki ko ta suna, ya san yadda abin yake. A kira sunan amarya, a kira na uwar biki, a turo ta WhatsApp. Muryar mawaƙin ba laifi, kalmomin ma sun zauna. Amma ku saurari fiyanon da ke ƙarƙashin muryar. Dam, dam, dam yake faɗowa kamar ana buga hatimi a ofis. Kafin a kai rabin waƙar kunne ya gaji, mutum bai san dalili ba.

Dalilin yana cikin yadda ake haɗa kiɗan. Abin da mai situdiyo yake danna wa a fiyano ba sauti ba ne kwamfuta take ajiyewa, umarni ne. Tsarin sunansa MIDI, tun 1983 ake amfani da shi, kuma abin da yake rubutawa kaɗan ne: wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi (ma'auninsa ya tsaya a 127), yaushe aka saki. A manhaja irin FL Studio sai ka ga kowane sauti ya zama ɗan sanda kwance a kan layuka. Idan aka danna uku ko huɗu tare, shi ne suke kira kod. To akwai wani umarni, kwantayiz, da yake janyo kowane sanda ya ɗora shi daidai kan layi. Dannawa ɗaya, an share duk wani gaba da baya da yatsun mutum suka yi.

Matsalar ita ce hannun ɗan Adam ba ya sauke kod lokaci guda. Mai jita idan ya shafo ƙasa, tsirkiya mai kauri ce take fara magana, siririyar ta zo ƙarshe. Idan ya shafo sama, abin ya juya. Gwanin fiyano kuma yakan fi danna sautin da ke ɗauke da karin waƙar, sai ya riga sauran fita da kamar milisakan 30, wato kashi 30 cikin dubu na sakan ɗaya. Ba ka jin sa a matsayin tazara. Kana dai jin kiɗan yana numfashi.

Mu a asibiti mun san wannan sarai. Idan aka ɗaura wa mai naƙuda na'urar sauraron zuciyar jariri, ba gudun bugun kaɗai muke dubawa ba. So muke mu ga layin yana ɗan hawa yana sauka, da bambancin bugu 5 zuwa 25 a minti. Ranar da ya miƙe sak ya daɗe a haka, ungozoma ba ta zama, likita take kira. Ni dai duk lokacin da na ji waɗannan kod ɗin, miƙaƙƙen layin nan nake tunawa.

Wasu masu haɗa kiɗan sun gane, sai suka faɗa ɗaya ramin. A FL Studio akwai abin da ake kira Strum, yana raba sautukan kod su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya gano shi, ya murɗa har ƙarshe. Ku yi lissafin da kanku: kiɗa mai bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, kwatansa milisakan 125. Idan kod mai sauti huɗu aka sa tazarar milisakan 40 tsakanin kowanne, na ƙarshe ya makara da 120. Kusan kwatan bugu cif! Kuma sau da yawa na ƙarshen nan shi ne na sama, wanda mawaƙi yake bi. Sai ka ji kamar mawaƙin yana sauri, alhali fiyanon ne yake jan ƙafa. Manhajar tana da zaɓin a fara shafar kafin layi don kod ɗin ya daidaita a kan bugu, tana da na riƙe ƙarshen sautuka kada jelarsu ta shiga kod na gaba ta dagula shi, har da na juya shafar sama da ƙasa bi da bi. Duk suna nan a akwati ɗaya. Sauri ne kawai ba ya bari a taɓa su, don mai waƙa goma a layi ba ya tsayawa sauraron ta farko.

Wanda ma ya fi ba ni haushi shi ne a bar kwamfuta ta warwatsa lokacin da ka, wai don ya yi kama da na mutum. Makaɗi ba da ka yake kaucewa layi ba. Ku saurari kalangun da ke bayan Mamman Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko ƙwaryar matan Barmani Choge: inda aka jinkirta, an jinkirta ne don kalma ta samu wurin zama, kuma a wuri ɗaya ake yi duk zagaye. Ko a Amurka, abin da ya ɗaga sunan J Dilla, wanda ya rasu a 2006, shi ne ya ƙi barin na'urarsa ta MPC ta daidaita masa komai. Shi yake zaɓar abin da zai riga da abin da zai makara.

Kada a ce ina ƙin fiyano. Kod baƙo ne a kiɗanmu, kakanninmu da ganga da amshi suka san waƙa, kuma baƙon ya zauna, ba inda za shi. Ganga ta tsaya kan layi, babu damuwa, masu rawa suna son haka. Amma yaranmu da aka haifa a nan, yawancinsu a ɗakin biki suke fara jin kiɗan Hausa, kuma wannan sandararren suke ɗauka shi ne namu. Ku da kuke biyan kuɗin kuna da bakin magana. In an turo muku gwaji, ku sa abin sauraro a kunne, ku bar muryar, ku bi fiyanon kaɗai na minti ɗaya. In hatimi kuka ji, ku mayar a sassauta kwantayiz ɗin kafin ku tura cikon kuɗin.