Tseren Motocin Tsaga: Gudu a Yatsa, Nasara a Teburin Gyara

Motar tsaga ƙaramar mota ce mai aiki da lantarki, wadda ake tsere da ita a kan fili mai tsaga a tsakiyar kowane layi. A ƙarƙashin hancinta akwai ɗan harshe na roba da yake shiga tsagar, shi ne yake jan motar duk inda hanya ta karkata. Gefe da gefen tsagar an shimfiɗa ƙarfe biyu masu ɗauke da wuta, motar kuma tana shan wutar ta wasu kitsattsun wayoyin jan ƙarfe da suke gogar su. Ba ta da sitiyari. Abin da ke hannun direba kawai wata na'ura ce mai kunama irin ta bindiga: ya matsa, mota ta ƙara wuta, ya saki, ta ci birki.

Kamfanin Lionel na Amurka ya fara sayar da irin waɗannan motoci a 1912, amma a lokacin ba su yi kasuwa ba. Sai a 1957, da Fred Francis ya fito da Scalextric a Ingila, wasan ya shiga gidaje. Aurora ta Amurka ta biyo baya da ƙanana a 1960, Carrera ta Jamus kuma a 1963. Tsakiyar shekarun 1960 ce ganiyar wasan a Amurka, inda aka buɗe shagunan tsere birjik, mutum ya biya kuɗi a ba shi layi na ɗan lokaci. Fitaccen filin wancan zamani shi ne Blue King, mai layi takwas da tsawon ƙafa 155, kuma har yau ana gasa a kan irinsa. Daga baya kasuwar ta ja baya, sai ƙungiyoyin masu sha'awa suka riƙe al'adar. Sifaniya da Italiya sun zama cibiyoyin ƙera motocin gasa, da kamfanoni irin su Ninco da Slot.it da NSR.

Girman motocin hawa-hawa ne. Akwai 1:24, wato kashi ɗaya cikin 24 na motar gaske, akwai 1:32 wadda ta fi yawa a Turai, sai ƙaramar da ake kira HO, wadda tsawonta bai wuce na yatsa ba sosai.

Tunda tsaga ce take juya mota, gwanintar direba tana bayyana ne a kwana. Idan ya shiga da gudu fiye da kima, bayan motar zai zame, harshen ya fita daga tsaga, ta wuntsila. Gwani yakan saki kunama dab da kwana, ya bar motar ta zauna, sa'annan ya riƙa matsawa a hankali har ta miƙe. A gasa ana tsayar da mutane a kwanoni don mayar da motar da ta faɗi, kuma direbobi suna musayar layi domin kowa ya ɗanɗana na ciki da na waje. Wanda ya fi yawan zagaye shi ne ya ci.

Sauran aikin duk a teburin gyara yake, kuma da taya ake farawa. Mai gyara yakan ɗaga bayan motar, ya ba ta wuta, ya sauke tayoyin a hankali a kan samfefa har su zama da'ira sosai, domin tayar da ba ta daidaita ba takan sa mota tsalle. Daga nan sai giya. Ƙaramar giya mai haƙora 9 da babba mai 27 suna sa inji ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. A ƙara haƙoran babbar, mota ta yi saurin tashi da ƙarfin birki, abin da fili mai yawan kwana yake so. A rage su, ta yi gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Ana tsefe bakin kitsattsun wayoyin don su kama wuta da kyau, a ɗiga ɗan mai a sandar taya, a sassauta sukurorin bodi kaɗan domin ƙashin motar ya samu walawa. Wasu kuma suna manna ƙwayar darma a ƙasa don nauyi ya sauka.

Babbar muhawarar masu wasan a kan maganaɗisu take. Yawancin motocin kanti suna zuwa da shi a ciki, yana manne su da ƙarfen hanya, su sha kwana da gudu. Ƙungiyoyi da yawa suna cire shi, don a ganinsu yana ɓoye ƙarancin gwaninta, kuma zamewar bayan mota a kwana ita ce daɗin wasan. Kowace gasa kuma tana da dokokinta a kan inji da taya da nauyi, ana kuma duba kowace mota kafin ta hau layi.

Tun wajen 2004 aka shigo da tsarin dijital, inda motoci da yawa suke gudu a layi biyu, direba yana iya sauya layi ya wuce abokin karawarsa. Duk da haka tsohon tsarin mota ɗaya a layi ɗaya bai gushe ba, kuma a kansa ake yin yawancin manyan gasanni.